Shirun ma'aikata a wurin taro: amincewa ce ko tsoro?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin aikin ofis a kan wani abu da yake damuna. Tun da aka ba ni riƙon sashenmu, kowace Litinin da safe nakan tara ma'aikata mu tattauna aikin mako. Nakan gabatar da abin da nake ganin ya dace a yi, sannan in tambaya ko akwai mai magana. Babu mai cewa uffan, in ban da mataimakina da yakan ce tsarin ya yi kyau, sai sauran su gyaɗa kai a tashi. Amma kafin azahar sai labari ya iso mini cewa an sake wani taron a gindin bishiyar da ake ajiye motoci, kuma a can an warware duk abin da muka ƙulla, an kawo dalilan da za su hana shi yiwuwa, waɗansunsu ma masu ƙarfi ne ƙwarai. Mutanen nan ba malalata ba ne, kuma mun daɗe muna cin abinci a kwano ɗaya da su kafin a ɗaga ni. Me ke hana mutum faɗin abin da ya sani a inda zai yi amfani, ya tafi ya faɗe shi a inda ba zai gyara komai ba?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, amsar tambayarka tana cikin bayaninka, domin ka ce kai ne kake fara magana. Da zarar maigida ya faɗi abin da yake so, duk wanda ya buɗe baki bayansa ba shawara yake bayarwa ba, gardama yake yi da maigida a gaban jama'a, kuma kowa a ɗakin ya san haka. Ka duba yadda aka tsara tafiyar fayil a aikin gwamnati. Takarda tana shigowa, ƙaramin jami'i ne yake fara rubuta ra'ayinsa a kanta, ta hau zuwa ga na gaba da shi, ta je wa darakta, sai a ƙarshe ta isa teburin babban sakatare, wanda zai yanke hukunci bayan ya karanta abin da kowa ya rubuta. Ba don ƙaramin ya fi sani aka sa ya fara ba, sai don in babban ya fara, na ƙasa ba zai rubuta komai ba face "kamar yadda aka umarta". Taronka ya juya wannan tsarin ne, ƙafa a sama kai a ƙasa. Ka kawo matsalar kawai, ka riƙe maganinta a cikinka, ka fara tambaya daga mafi ƙanƙanta, ka kuma jure shirun da zai biyo baya ko da ya yi tsawo.

Malamin Jami'a:
Abin da Baba ya faɗa yana da madafa a binciken masana halayyar ɗan Adam. A shekarar 1951 wani masani a Amurka mai suna Solomon Asch ya yi wani gwaji mai sauƙi. Yakan tara ɗalibai a ɗaki ɗaya, ya nuna musu wani layi da aka zana a kati, sannan ya nuna musu wasu layuka uku, ya ce kowa ya faɗi da ƙarfi wanne ne tsawonsa ya yi daidai da na farkon. Amsar a fili take, har ma in mutum yana shi kaɗai da wuya ya kuskure. Sai dai duk waɗanda ke ɗakin an haɗa baki da su su riƙa ba da amsar da ba daidai ba, in ban da mutum ɗaya, wanda aka zaunar da shi kusa da ƙarshen jerin mutanen domin ya ji amsar sauran kafin tasa. Kusan kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun bi jama'a a kan kuskure aƙalla sau ɗaya, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na dukkan amsoshin da aka bayar a irin wannan yanayi bin jama'a ne.

Abin lura shi ne, a ɗakin nan babu maigida, babu albashi, babu ƙarin girma. Tsoron zama saniyar ware kawai ya isa ya sa mutum ya ƙaryata idonsa. Akwai kuma abubuwa biyu da Asch ya gano waɗanda za su amfani Baban Khadija. In aka sami mutum ɗaya tak a cikin jama'ar da ya faɗi amsar gaskiya, bin kuskuren yakan ragu matuƙa. Haka nan in aka ce mutum ya rubuta amsarsa maimakon ya faɗe ta a fili, shi ma yakan rage. Saboda haka ina ba da shawarar kafin a fara tattauna abu mai muhimmanci, kowa ya rubuta abin da yake ganin zai iya hana aikin tafiya a 'yar takarda, ba tare da suna ba, a tattara a karanta.

'Yar Auta:
Ina neman afuwar manya, amma ina ganin ya kamata a ji daga bakin waɗanda ake cewa sun yi shiru, domin ni ina cikinsu. Dakta ya yi bayanin tsoron da ba shi da dalili, mu kuwa namu tsoron da dalilinsa. Shugaban sashe ne yake cike takardar auna ƙwazon ma'aikaci ta ƙarshen shekara, shi ne yake zaɓar wanda zai tafi bita a ba shi alawus, kuma shi ake tambaya in za a yi wa mutum canjin wurin aiki. In na nuna masa kuskure a gaban mutane, amfanin zai koma ga ofis baki ɗaya, amma in abin ya ɓata masa rai ni kaɗai zan biya. Duk mai hankali ya iya wannan lissafin.

Ga mace kuwa akwai ƙari. In namiji ya tsaya a kan ra'ayinsa sai a ce jajirtacce ne, in mace ta yi haka sai a ce fitsararriya ce, kuma sunan zai bi ta har gidan mijinta. Na taɓa kawo shawara a kan yadda za a rage layin masu jiran takardu, aka wuce kamar ban yi magana ba, can kafin a tashi wani abokin aikina ya maimaita ta da kalmominsa, aka yi masa godiya, aka rubuta sunansa a bayanin taro. Ba na zargin sa da mugunta, wataƙila ma bai san daga ina ya ɗauko ta ba. Amma tun daga ranar na fahimci cewa a wasu ɗakunan ba maganar ake saurare ba, mai maganar ake kallo.

Alhaji Mai Atamfa:
Ni ɗan kasuwa ne, ba ma'aikacin gwamnati ba, amma ina da yara a ƙarƙashina, kuma ban yarda da inda muhawarar nan ta dosa ba. Ana neman a mayar da kunya da girmama na gaba wata cuta da za a nemi maganinta. Mu a tarbiyyarmu ƙarami ba ya gyara wa babba magana a bainar jama'a, kuma wannan ba tsoro ba ne, ladabi ne. Ba kuma yana nufin ba a faɗa wa babba gaskiya ba. Yarona na shago in ya ga na sayo kayan da ba za su tafi ba, ba zai faɗa a gaban masu saye ko sauran yara ba, sai bayan mun rufe ya same ni ni kaɗai ya ce, "Alhaji, wannan zanen kamar mata sun daina yayinsa." Na ji, na gyara, mutuncina yana nan, nasa yana nan. Shawarata ga Baban Khadija ita ce ya bar ƙofarsa a buɗe, ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya. Taro wurin sanar da abin da aka riga aka daidaita ne, ba wurin tsiraita shugaba ba.

Injiniya:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, hanyarka tana aiki ne in akwai lokacin jira har a rufe shago. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife da ke ƙarƙashin Sifaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka mutu. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Hazo ya rufe filin, jirgin Pan Am yana kan titin bai kauce ba tukuna, sai matuƙin KLM ya fara gudun tashi alhali hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage ba ta ba shi izinin tashi ba. Wannan matuƙin ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsu. Na'urar naɗar murya ta nuna cewa injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya ko jirgin Pan Am ya riga ya kauce, matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, kuma daga nan ba a sake tayar da maganar ba. Daƙiƙu kaɗan suka rage a lokacin.

Na kawo wannan ne saboda dalili biyu. Mutanen nan 'yan ƙasar Holan ne, ba su san kunya irin tamu ba, amma nauyin bakin babba ya danne su, don haka kada mu ɗauka matsalar ta Bahaushe ce shi kaɗai. Na biyu kuma, masu harkar jirage ba su ce a daina girmama matuƙi ba. Abin da suka yi, bayan wani taro da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta shirya a 1979, shi ne suka fito da horo na musamman wanda kamfanin United Airlines ya fara aiwatarwa a 1981, inda ake koya wa mataimaki matakan faɗin damuwarsa, daga nuni a hankali har zuwa magana kai tsaye, ake kuma koya wa matuƙi cewa neman ra'ayin na ƙasa da shi wani ɓangare ne na aikinsa. Da zarar gyara ya zama doka ta aiki, ya daina zama rashin kunya.

Alhaji Mai Atamfa:
Injiniya, na ji, kuma Allah ya kiyaye mu. Amma ofishin Baban Khadija ba jirgin sama ba ne, kuma ba kowace magana ce take da gaggawar da za a ce sai an faɗe ta nan take ba.

Maman Yusuf:
Alhaji, wasu wuraren aikin da ke ƙasa ma sun fi kusa da jirgin sama fiye da yadda ake zato. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata. Kafin a ɗinke majiyyaci dole mu ƙirga duk auduga da kayan aikin da aka yi amfani da su, kuma in lissafi bai cika ba, ni ce zan dakatar da likitan da ya girme ni a shekaru da ilimi da matsayi, in ce masa kada ya rufe. Ranar da aka fara sa ni wannan aikin, bakina ya yi nauyi kamar an ɗaure shi. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne takardar binciken lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. A cikinta akwai wurin da ake tsayawa kafin a fara yanka, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da sunan majiyyaci da gefen da za a yi wa aiki, a kuma tambayi kowa ko yana da wata damuwa. Wasu likitocin suna ganin faɗin suna ɓata lokaci ne tunda mun san juna. Ni kuwa na lura cewa wanda ya riga ya buɗe baki a farkon aiki, ko da sunansa kawai ya faɗa, ya fi samun sauƙin sake buɗe shi in ya ga abin da bai dace ba. Lokacin da aka gwada takardar a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin ɗari.

Akwai kuma wani abu da nake so Baban Khadija ya shirya wa zuciyarsa. Wata mai bincike a Jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta nazarci rukunonin ma'aikatan asibiti a shekarun 1990, tana tsammanin rukunin da ya fi haɗin kai zai fi ƙarancin kuskure wajen ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi yawan rahoton kuskure, kuma bayanin da ta cim ma shi ne ba su fi kowa yin kuskuren ba, sun fi kowa faɗinsa ne. Wato in mutanenka suka fara magana, abin da za ka fara ji shi ne matsaloli, har ka yi zaton sashen ya lalace a hannunka. Da yawa daga cikin shugabanni a nan suke karaya, su koma wa shirun da suka saba da shi.

Malam Na Tsangaya:
Ina ganin Alhaji da Injiniya ba su yi nisa da juna kamar yadda suke zato ba, kuma tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙunshi hanyoyin biyu. A Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, da aka sauka a wani wuri, Hubab ɗan Munzir ya tambaya ko wannan masaukin umarni ne daga Allah wanda ba a ƙetare shi, ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi. Da aka ce masa ra'ayi ne, sai ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, aka kuwa karɓa. A duba yadda ya fara da tambaya kafin ya kawo gyara. Bai zubar da ladabi ba, bai kuma haɗiye abin da ya sani ba. Ma'aikaci ma zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, wannan umarni ne daga sama da aka riga aka yanke, ko akwai damar a duba?" Shugaba nagari kuma ya kamata ya riƙa bayyana hakan da kansa tun kafin a tambaye shi, domin yawancin shirun taro yana zuwa ne daga rashin sanin ko ƙofar a buɗe take.

A Hudaibiyya kuwa, shekara ta 6, lokacin da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka hadaya da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, a cikin tanti Ummu Salama ta ba shi shawarar ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa ya yi aski. Ya yi hakan, jama'a suka bi. Ga shawarar sirri irin wadda Alhaji yake so, kuma daga bakin mace, abin da nake fatan masu raina maganar ƙanwarmu 'Yar Auta za su tuna. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Uhudu. Ra'ayinsa shi ne a tsaya a cikin Madina, masu rinjaye suka so a fita, aka fita, aka sha wahalar da aka sha, amma ayar da ta sauka a Ali Imrana, aya ta 159, ta ce ya yi musu afuwa, ya nema musu gafara, ya kuma ci gaba da shawartarsu a cikin al'amari. Shugaban da ya karɓi shawara ta ɓaci, ya juyo yana cewa ai ga abin da kuka jawo, ya rufe bakin mutanensa ke nan.

Tsohon Akawu:
Malam, Allah ya saka da alheri. Ina so in ja hankalin Alhaji a kan haɗarin da ke cikin kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, domin na ga ƙarshensa da idona. A shago yara uku ne ko huɗu, kuma dukiyar taka ce, don haka duk wanda ya gaya maka ƙarya za ka gani a aljihunka. A ofis kuwa, in ya zama ba a isar da magana ga maigida sai a keɓe, to wanda ya fi kowa shiga wurinsa shi ne zai mallaki kunnensa, kuma ba lalle ne ya zama wanda ya fi kowa sanin aiki ba. A nan ake haifar 'yan gaban goshi. Shawara da tsegumi kuma ta ƙofa ɗaya suke shiga, wanda aka yi maganarsa ba ya nan balle ya kare kansa.

Wanda bai yi aikin ofis ba yakan ɗauka cewa iko yana bin jerin muƙaman da aka manna a bango. Na yi aiki a wata ma'aikata inda mutumin da ya fi kowa tasiri shi ne wani dattijon masinja. Ya ga daraktoci sun zo sun tafi, ya san inda kowane tsohon fayil yake kwance, kuma shi ke jera fayiloli a teburin maigida da safe, don haka shi ke yanke wanne zai kasance a sama, wanne zai kwana a ƙasa. In sabon tsari bai kwanta masa ba, ba zai ce komai ba, sai dai ka ga takardu sun fara tafiyar hawainiya. Direban maigida ma haka, domin yana samun sa'o'i shi da shi a mota, abin da mataimakin darakta ba ya samu a wata guda. Ban faɗi wannan don a raina su ba, sau da yawa sun fi masu digiri sanin abin da zai yiwu. Abin da nake nufi, ɗana Baban Khadija, shi ne taron gindin bishiyar nan yana da shugaba, ko da ba a naɗa shi ba. Ka gano wane ne ake juyawa a kalla in ka gama magana. Kada ka yaƙe shi, ka same shi kafin Litinin ka nemi ra'ayinsa da gaske, sannan ka roƙe shi ya faɗi damuwarsa a cikin taro. In shi ya yi magana ya tashi lafiya, sauran za su biyo.

Injiniya:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar 'Yar Auta, domin akwai lokacin da na ƙasa suke magana sarai amma tsarin yanke hukunci ya haɗiye maganar. A daren da ya gabaci harba kumbon Challenger, ranar 28 ga Janairu 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol da ya ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon, ciki har da Roger Boisjoly, sun faɗa ƙarara cewa sanyi zai hana zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin yin aikinsa, suka ba da shawarar kada a harba in yanayi bai kai kimanin digiri 12 a ma'aunin Salshiyas ba. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗi, sai manajojin kamfanin suka nemi a ba su ɗan lokaci su tattauna a tsakaninsu. A nan aka ce wa shugaban injiniyoyin ya ajiye hular injiniya ya ɗauki ta manaja, manajoji huɗu suka amince a harba, ba a kuma sa injiniyoyin cikin masu yanke hukuncin ba. Kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka mutu. Saboda haka bai isa a ce kowa ya faɗi ra'ayinsa ba. Dole a rubuta saɓanin a bayanin taro da dalilinsa, domin wanda ke sama ya san cewa ba baki ɗaya aka amince ba.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na san mutumin da kake nufi, kuma ya girme ni, har ma shi aka yi zaton za a ba riƙon sashen. Zan same shi a gida, domin ina ganin kiransa ofishina zai zama kamar nuna masa iko. Wata tambayar kuma ita ce, muna da zauren WhatsApp na sashe, ko zai fi sauƙi in riƙa jefa batutuwa a can, tunda wasu sun fi sakewa a rubuce?

Ɗan Maraɗi:
Malam, kada ka dogara da wannan zauren. A duk wurin aikin da na sani zaure biyu ne, ɗaya da maigida a ciki inda ake turo gaisuwar Juma'a da "an gani, yallaɓai", ɗaya kuma babu shi, kuma a can ake aikin. Abin da aka faɗa da baki iska tana iya ɗauke shi, amma abin da aka rubuta ana ɗaukar hotonsa a tura wa wanda ba a nufa ba, don haka mai tsoro ya fi tsoro a rubuce.

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, wato harshen da ake taron da shi. A nan Nijar na yi aiki da wata ƙungiyar raya karkara inda ake taro da Faransanci, kuma mutum uku ne kawai suke magana, waɗanda suka yi karatu mai zurfi. Direbobi da mai kula da sito da matan da ke shiga ƙauyuka, waɗanda su ne suka san wace hanya ce ke yankewa da damina da kuma wane maigari ne ba a shiga garinsa sai an fara gaishe shi, suna zaune kamar baƙi. Ba rashin abin faɗa ba ne, tsoron a yi musu dariya ne in suka karya nahawu. Da wata shugaba ta zo ta ce a yi da Hausa, a rubuta rahoto da Faransanci daga baya, taron da ake gamawa cikin ɗan lokaci ya koma sai an tsawatar kafin a tashi. Ina zaton a Najeriya ma Turanci yana yin irin wannan aikin.

Alhaji Mai Atamfa:
Maganar harshe gaskiya ce, kuma maganar 'yan gaban goshi ma na karɓa, domin ko a kasuwa akwai yaron da ya iya kai ƙara fiye da sayar da kaya. Amma ina nan a kan cewa akwai gyaran da ba a yi wa shugaba a gaban na ƙasa da shi, musamman abin da ya shafi halinsa ko kuɗi. A yi gardama a kan aiki a fili, a bar abin da ya shafi mutum zuwa keɓe.

'Yar Auta:
A kan wannan rabon ban da ja, Alhaji. Abin da zan ƙara wa Baban Khadija shi ne, mutanensa ba za su auna shi da abin da zai faɗa ranar Litinin ba, za su zuba ido ne su ga abin da zai sami wanda ya fara saɓa masa, ko za a ci gaba da amsa gaisuwarsa da fara'a, ko sunansa zai fito in an tashi tura mutane bita. Wannan yakan ɗauki watanni. Game da shawarar Dakta ta rubuta damuwa a takarda ba suna kuwa, tana da kyau, amma a bari mutane su buga a kwamfuta su kawo, kuma wani daban ya tattara, domin a sashen da bai wuce mutum goma ba kowa ya san rubutun hannun kowa.